Cajar da ta san batir ya ƙoshi

Fanka mai caji, da fitilar da ake kunnawa in an ɗauke wuta, da na'urar UPS ta kwamfuta, da yawansu ƙaramin batirin dalma ne ke riƙe da su, jikan wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Abin da ya fi kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba shi ne caja marar tsayawa. A jona da dare, a kawo wuta kowa na barci, ta yi ta ɗura har gari ya waye.

Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne na ba da bolt 2 da 'yan kai. In caji ya kai shi wajen bolt 14.4, to ya ƙoshi. Wutar da ta shiga bayan nan ruwan batirin take farfasawa, ya koma iskar haidurojin da oksijin. Tsohon batirin mota akan buɗe shi a ƙara masa ruwa, shi kuwa wannan a rufe yake, abin da ya fita ya fita ke nan. Sai zafi, sai kumburi, sai a ɗora laifin a kan mai shago.

Maganin shi ne caja mai yanke kanta, kuma kayan haɗinta duk mai gyaran rediyo ya san su. Taransifoma ta sauko da wutar gida zuwa bolt 15, dayod huɗu da kafasita su miƙar da ita, LM317 ya daidaita ƙarfinta, a kuma kafa masa ƙarfen shan zafi. Kada wutar ta wuce kashi ɗaya cikin goma na girman batirin: mai 7Ah, amfiya 0.7 ta ishe shi.

Mai gadin da ke tsayar da cajin kuwa LM358 ne. Aikinsa gwada ƙarfin batirin da wani ma'auni tsayayye da dayod ɗin zena ke riƙewa. Batir na haura ma'aunin, sai mai gadin ya taɓa taransista BC547, ita kuma ta ja rile ya yanke layi.

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Da zarar an yanke, ƙarfin batirin yakan zame ƙasa nan take, mai gadi ya ɗauka bai cika ba ya sake jonawa, ya kuma yankewa. Rile ya yi ta ƙas-ƙas har bakinsa ya ƙone. Maganin resista guda ce, daga mafitar LM358 a komo da ita ƙafarsa mai alamar tarawa. Ita ke buɗe tazara tsakanin yankewa da komawa: a yanke a 14.4, kada a koma sai batir ya sauko wajen 12.5. A ganina, cajar da ba ta da wannan tazara ba a gama haɗa ta ba.

Saiti kuma ba a yin sa da ka, sai da mita. A duba jikin batirin, kamfani yakan rubuta iyakar cajinsa, yawanci bisa zafin digiri 25. Bazarar Sakkwato ko Maraɗi tana haura digiri 40, don haka gara a rage iyakar kaɗan. Mai bolt 6 rabin lissafin ne, a yanke a 7.2. Ɓangaren taransifoma kuwa bolt 230 ne, yana kisa: a sa fis, a rufe komai cikin akwatin roba mai 'yan ƙofofin iska kafin a jona.