Ɗakunan Cikin Kwamfuta: Wa Ke da Izinin Shiga?



A ofisoshin masallatai da makarantun Islamiyya nan Tamale, daga Sabonjida har Aboabo, sau da yawa kwamfuta ɗaya ce ke yi wa kowa aiki. Sakatare ya ajiye sunayen masu karɓar zakka, malam ya ajiye tambayoyin jarrabawa, da yamma kuma ɗalibai su zauna su saurari ƙira'a. To, wa ke iya ganin me?

Mu ɗauki kwamfuta kamar gida. Kowane fayil kaya ne, folda kuwa ɗakin da aka zuba kayan. Manhajar da muke buɗewa mu leƙa ɗakunan, wadda a Windows ake kira File Explorer, 'yar rakiya ce kawai. Ba ita ke riƙe da makulli ba. Windows ɗin ne ke duba sunan wanda ya shiga, ya ba shi izini ko ya hana. Ladabin neman izini da Suratun Nur, aya ta 27, ta koya mana kafin shiga gidan wani, shi ne a nan ma.

Izinin hawa-hawa ne. Wani karantawa kawai zai yi, wani zai iya gyarawa ko gogewa, wani kuma yana da cikakken iko, har ya raba wa wasu izini. A danna folda da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, sannan Security, za a ga sunaye da abin da aka yardar wa kowa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Idan kowa da asusu ɗaya yake shiga, na shugaba, da kalmar sirrin da har yaran aji ɗaya sun haddace, to kwamfuta mutum ɗaya take gani. Ba ta bambanta ma'aji da ɗalibi ba. Don haka a buɗe wa ɗalibai asusunsu na gama-gari, marar ikon shugaba, asusun shugaba ya tsaya hannun mutum biyu amintattu. Ɓoye folda kuwa ba kullewa ba ne, labule ne kawai. Duk yaron da ya san kan na'ura zai yaye shi cikin minti ɗaya.

Sunan bazawara ko maraya da ke karɓar taimako amana ce, mutuncin mutane ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Gana, mai lamba 843 ta shekarar 2012, ita ma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

A kula da filash. Yawancinsu da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, waɗanda ba sa riƙe izinin Windows. Da zarar an kwafi fayil a kai, makullin ya tsaya a ofis, duk wanda ya tsinci filash ɗin zai karanta. Jerin zakka kada ya bi filash zuwa shagon buga takardu. A buga shi a ofis.