Iyan-Tama: Furodusan da ya karɓi kambu a Abuja, ya kwana a kurkuku a Kano

A watan Mayun 2008, a Bikin Fina-finai na Zuma da Hukumar Shirya Fina-finai ta Nijeriya ke gudanarwa a Abuja, an karrama wani fim na Hausa mai suna Tsintsiya da lambar yabo ta fim mafi fice a kan lamuran zamantakewa. Wanda ya shirya fim ɗin, Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, bai daɗe da komawa gida Kano ba aka kama shi. Kafin shekarar ta fita, ranar 30 ga Disamba, kotun tafi-da-gidanka da ke sauraron ƙararrakin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yanke masa ɗaurin wata 15 tare da tarar naira 300,000. Fim ɗin da wata hukumar tarayya ta yaba shi ne dai wanda ya kai mai shi gidan yari a jiharsa ta haihuwa.

Labarin wannan bawan Allah ya shafi ma'aikacin da ke zaune a ofis a Sakatariyar Tarayya, domin takardar shaidar da Iyan-Tama ya dogara da ita irin wadda ake sa wa hannu ce a Abuja. Abin da ya same shi yana nuna iyakar inda ƙarfin irin wannan takarda yake tsayawa, yana kuma nuna yadda rayuwar furodusa mai zaman kansa take a Arewa.

Mutumin da ke ɗaukar asara

Mai kallo ya fi sanin jarumi, sai kuma mai ba da umarni. Furodusa shi ne wanda ba a cika ganin fuskarsa ba, amma aljihunsa ne ke ɗauke da fim tun daga sayen labari har zuwa ranar da zai shiga kasuwa. Shi ke biyan marubuci da 'yan wasa, shi ke hayar kyamara da janareta, shi ke ciyar da jama'a a wurin ɗaukar fim, shi ke neman izinin hukuma. Idan fim ya karɓu, suna na jarumi ne. Idan ya faɗi, bashi na furodusa ne shi kaɗai.

Masana'antar da Iyan-Tama ya tashi a cikinta ta soma ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Babu banki a bayanta, babu kasafin gwamnati. Matasa ne da suka goge a ƙungiyoyin wasan daɓe da na talabijin suka haɗa 'yan kuɗaɗensu suka rungumi kyamarar bidiyo. Sunan Kannywood ma sai a 1999 ya bayyana, a mujallar Tauraruwa, daga alƙalamin Sunusi Shehu Daneji.

Tsarin kasuwar wancan zamani ya cancanci bayani, domin daga nan raunin furodusa ya samo asali. Idan ya kammala fim, sai ya buga kwalin kaset, ya kai wa diloli a wurare irin su Ƙofar Wambai da Bata tare da uwar kaset. Su ne za su kwafa su sayar, shi kuwa ribarsa tana cikin yawan kwalin da aka saya. Sau da yawa bashi ake karɓa, sai kaya sun shige a biya. Wato wanda ya zuba jari shi ne na ƙarshe wajen ganin kuɗi, kuma ba shi da hanyar sanin adadin kwafin da aka buga a bayan idonsa.

Situdiyon da ya sauya sauti

Gudummawar farko da tarihi ya riƙe wa Iyan-Tama ta fannin sauti ce. A tsakiyar shekarun 1990 kamfaninsa, Iyan-Tama Multimedia, ya buɗe situdiyo a Kano ya kawo fiyano samfurin Yamaha, wadda ke iya kwaikwayon amon kayan kiɗa iri-iri. Kafin wannan lokaci, mai son kiɗa a fim ɗinsa sai ya nemo makaɗa da kayansu. Da zuwan fiyano, yaro ɗaya a ɗaki ɗaya ya isa ya haɗa kiɗan fim sukutum. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya daɗe yana nazarin masana'antar, ya ambaci fim ɗin Badaƙala na Ɗan'azumi Baba a matsayin na farkon da ya ci moriyar wannan sabon salo. Daga baya, bayan Sangaya ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, waƙar fiyano ta zama gishirin fim ɗin Hausa, kuma ita ce ta fi jawo wa 'yan fim sukar malamai da iyaye.

Iyan-Tama bai tsaya ga situdiyo ba. Ya shirya fina-finai, ya fito a cikinsu a matsayin ɗan wasa, sannan ya tsunduma siyasa. A zaɓen 2007 ya tsaya takarar gwamnan Kano a ƙarƙashin jam'iyyar ND, zaɓen da Malam Ibrahim Shekarau ya lashe karo na biyu. Wannan takara ce ta sa magoya bayansa daga baya suka riƙa kallon shari'arsa da idon siyasa, ko da yake hukuma ta tsaya a kan cewa doka kawai take aiwatarwa.

Shekarar da iska ta juya

An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A shekarunta na farko ana zaman doya da manja, amma ana aiki. Al'amura sun rincaɓe a watan Agustan 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa ya bazu a wayoyin jama'a. Duk da cewa bidiyon ba fim ba ne, fushin al'umma a kan masana'antar gaba ɗaya ya sauka. Gwamnati ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hukumar Hisbah, ya jagoranci hukumar tacewa. Aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na tsawon wata shida, aka gindaya sababbin sharuɗɗan rajista ga kamfanoni da ɗaiɗaikun ma'aikata. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008. 'Yan fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna.

A cikin wannan yanayi Tsintsiya ya fito. An gina labarinsa a kan fitaccen fim ɗin Amurka West Side Story, kuma ofishin jakadancin Amurka ya tallafa wa aikin. Jigonsa soyayya ce tsakanin matasa biyu da ƙabila da addini suka raba, a ƙasar da rikicin ƙabilanci da na addini ya sha cin rayuka. Sunan ma wa'azi ne ga duk wanda ya san karin maganar nan ta tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Tuhuma biyu aka yi wa Iyan-Tama: gudanar da kamfani ba tare da rajistar hukumar jiha ba, da sakin Tsintsiya a Kano ba tare da hukumar ta tace shi ba. Shi kuwa ya kare kansa da cewa yana riƙe da shaidar biyan kuɗin rajista, fim ɗin ya samu amincewar Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, kuma ya sanar a fili cewa ba na sayarwa ba ne a Kano. Kotun tafi-da-gidanka, ƙarƙashin Majistare Mukhtar Ahmed, ba ta gamsu ba. Aka wuce da shi gidan yarin Goron Dutse.

Bai cika wata 15 ɗin ba. Da magana ta je gaban Babbar Kotun Jiha, Antoni-Janar na Kano na lokacin, Barista Aliyu Umar, da kansa ya amince cewa an tafka kurakurai a yadda aka gudanar da shari'ar. A watan Maris na 2009 Iyan-Tama ya shaƙi iskar 'yanci, bayan ya shafe fiye da wata biyu a tsare. Kwanakin da ya yi a kulle, da cinikin da kamfaninsa ya rasa, babu kotun da za ta iya mayar masa da su.

Inda gizo ke saƙa

Tushen rikicin yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Tace fina-finai yana cikin jerin al'amuran da tarayya da jihohi ke da hurumi a kansu tare, a Kashi na Biyu na Jadawali na Biyu. Majalisar Dokoki ta Ƙasa tana da ikon kafa hukumar tacewa, kuma an kafa ta tun 1993, hedikwatarta tana Abuja. Amma kundin bai hana majalisar jiha yin tata dokar ba. Saboda haka furodusa yana iya riƙe takardar tarayya cikakkiya, ya taka iyakar Kano ya tarar da wata ƙofar da ke buƙatar wani mabuɗin.

Masu goyon bayan hukumar jiha suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. A ganinsu, jami'in da ke Abuja ba lallai ne ya fahimci abin da ke ɓata wa uba rai a Fagge ko Gwale ba, kuma al'umma tana da haƙƙin kare tarbiyyar 'ya'yanta. Su kuwa furodusoshi kukansu shi ne biyan kuɗi sau biyu, jira sau biyu, da rashin tabbacin cewa abin da aka halatta yau ba zai zama laifi gobe ba idan shugabanci ya sauya. Mai zuba jari yana iya jure tsauraran dokoki matuƙar ya san su tun farko. Abin da ke korar sa shi ne dokar da ba ya iya hasashen inda za ta faɗa.

Batun bai zama tarihi ba. A watan Mayun 2025 hukumar ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa ɗan fim ne, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kawo su an tace kafin a haska ba.

Kasuwar da ta narke

Abin da kurkuku bai yi wa furodusoshin zamanin Iyan-Tama ba, fasaha ta yi musu. Faifan CD ya kori kaset, ya kuma sauƙaƙa satar fasaha. Daga nan aka shiga zamanin masu tura fim a waya a kan 'yan canji, sai fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa ta zo ta raba musu masu kallo. Shagunan diloli suka koma sayar da wasu kayan. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna cewa akwai kasuwa ga shiri mai dogon zango, kuma zuwa 2020 irin su Izzar So na Lawan Ahmad sun tabbatar da cewa YouTube na iya ciyar da kamfani. Furodusan yau ya kuɓuta daga hannun dilan Ƙofar Wambai, ya faɗa hannun kamfanin da ke wata nahiya, wanda ke biyan sa gwargwadon yawan masu kallo da farashin talla.

Ta ɓangaren gwamnatin tarayya, an yi yunƙuri fiye da ɗaya. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 3 don tallafa wa harkar fim. A 2016 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta sanar da shirin gina alƙaryar fina-finai a Kofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, amma aka janye shi bayan adawar malamai da wani sashe na jama'a. A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, aka kuma kafa ma'aikata ta musamman mai kula da tattalin arzikin ƙirƙira, wadda aka damƙa wa Hannatu Musa Musawa. A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Shirya Fina-finai ta Nijeriya, wato hukumar da ke shirya Bikin Zuma. A ƙarshen shekarar ne kuma aka zaɓi Mai Martaba, fim ɗin Hausa na Prince Daniel, ya wakilci Nijeriya a gasar Oscar.

Duk waɗannan ci gaba ne, amma ba su taɓa ƙullin da ya kai Iyan-Tama Goron Dutse ba. Gyaran kundin tsarin mulki doguwar tafiya ce. Abin da ke hannun ma'aikatu da hadiman da ke rubuta musu takardu ya fi haka sauƙi: yarjejeniya a rubuce tsakanin hukumar ƙasa da ta jiha, wadda za ta fayyace abin da takardar kowacce ta ƙunsa, kuɗin da za a biya, da kwanakin da za a jira. Sai kuma hanyar ɗaukaka ƙara ta gudanarwa, yadda saɓani a kan rajista zai ƙare a kan teburi kafin ya kai ga ɗauri. Haka nan duk wani asusun tallafi da za a buɗe a Abuja, ya kamata a tsara sharuɗɗansa da sanin cewa yawancin furodusoshin Kano da Kaduna da Jos ba su da kadarar da banki ke karɓa jingina. Jarinsu shi ne tarin fina-finan da suka mallaka, kuma sai an samar da hanyar ƙiyasta darajar wannan dukiya kafin rance ya isa gare su.