Labarin Babur da Yaran Gona

Zuwa ga masu gidaje na Maiwurno da Sinnar da Gadarif da ƙauyukan Jazira, maza da mata. Ga magana a kan babur da abin da yake yi wa yara.

Kakannin da suka taso daga Burmi a shekara ta 1903, suka bi Muhammadu Bello Maiwurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin Bahar Azrak, fartanya suka sani da lauje. Fartanya kuwa kadan hannu ya tsaya, ita ma ta tsaya. Domin haka uwa takan kwantar da jinjirinta a bakin kunya ta yi aikinta, ba ta tsoron kome sai kunama. Sa'an nan aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya shiga Jazira. A tsakiyar shekarun 1940 kuma aka soma noman dawa da inji a ƙasar Gadarif. Tun daga nan tarakta da injin sussuka da injin ban ruwa suka shigo gonaki, mutanen ƙasa suka kira injin babur. Amma al'adar zuwa gona da yara tana nan yadda take tun zamanin fartanya, kuma nan ɓarnar take.

Mafi mugunta cikin kayan babur shi ne sandan ƙarfe mai juyawa a bayan tarakta, wanda ke ba injin sussuka ƙarfi, Larabawa na ce masa kardan. Yakan juya sau 540 a minti guda, watau sau 9 a daƙiƙa guda. Kadan ya kama bakin jallabiya, ko gefen mayafi, ko jelar rawani, kafin mutum ya buɗe baki ya yi kira, tufa ta naɗe ta ja hannu, hannu ya ja jiki. Ba ƙarfin namiji da ke ƙwace tufa daga gare shi, balle na yaro. Haka bel ɗin injin ban ruwa yake cin yatsa. Maƙeri yakan cire murfin sandan domin gyara, a yi kasala ba a mayar ba. Babur marar murfi bai kamata a tayar da shi ba.

Na biyu shi ne hawa. Tarakta kujera ɗaya gare ta, ta mai tuƙi. Uba yakan ɗora ɗansa bisa ƙarfen da ke rufe taya domin ƙauna, ko yara su ɗare kan buhunan dawa cikin tirela. Rami guda ya isa ya jefo yaro, kuma inda zai faɗa nan taya ko diski ke biyowa. Mai tuƙi kuma ba ya ganin ƙaramin yaro a bayansa, ba ya jin kukansa saboda ƙarar inji. Don haka kafin ya tayar, sai ya sauko ya kewaye babur da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, zama yara da rana sukan nemi inuwa a nan su yi barci.

Na uku shi ne bakin injin sussuka. Kadan zangarniya ta toshe shi, mai gaggawa yakan sa hannu ya tura. Ka'ida ita ce a kashe inji, a zare mabuɗi a sa aljihu, a jira har kowane ƙarfe ya daina motsi, zama ciki yakan ci gaba da juyawa bayan ƙara ta mutu. Diskin da aka ɗaga sama kuma a sauke shi ƙasa kafin a bar wurin.

Ranar sussuka kowa ido yana kan hatsi, kowa na zaton wani ne ke duban yara. Gidan da ya yi hankali yakan ware mutum guda, tsohuwa ko babbar ya, ba ta da aiki ran nan sai yara, a ƙarƙashin wata itaciya nesa da masussuka. Yaron da ya kawo abinci ya ajiye can, a zo a ɗauka.

Kadan kuwa abin ya auku, a fara kashe inji. A danne rauni da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, ba sassautawa. Kada a zuba ƙasa ko toka ko garin gahawa. Kadan jini ya ƙi tsayawa a hannu ko ƙafa, a ɗaure tam sama da raunin, a riƙe sa'ar da aka ɗaure a faɗa wa likita. Yatsan da ya yanke a naɗe shi cikin tsumma mai laima, a sa a leda, a sa ledar cikin ruwan sanyi, a tafi da shi asibiti tare da mai shi ba jinkiri.

Dawar da aka bari yau ana sussuka ta gobe. Hannun yaro ba ya sake tsirowa. Wanda takardar nan ta isa gare shi ya karanta wa mutanen gidansa da mai tuƙin baburinsa, sa'an nan ya kwafa ya miƙa wa maƙwabci. Tammat.