Giovanni Buttarelli: Alƙalin Italiya da ya tsaya wa sirrin jama'ar Turai

An haifi Giovanni Buttarelli a garin Frascati da ke kusa da Rum a shekarar 1957, ya karanci shari'a a Jami'ar La Sapienza, ya kuma zama alƙali a 1986, kafin aiki ya karkata da shi zuwa fagen kare bayanan mutane, wato dokokin da ke iyakance yadda hukumomi da kamfanoni ke tattara suna da adireshi da tarihin lafiya da duk wani abin da za a iya gane mutum da shi. Yana cikin waɗanda suka yi aikin tsara dokar Italiya ta 1996 a kan wannan batu, kuma daga 1997 zuwa 2009 shi ne babban sakataren Garante, hukumar da aka kafa domin aiwatar da ita, inda ya daɗe yana aiki ƙarƙashin shugabanta na farko, masanin shari'a Stefano Rodotà.

A 2009 ya koma Brussels a matsayin mataimakin Mai Sa Ido kan Kare Bayanai na Tarayyar Turai, ya kuma hau kujerar Mai Sa Idon a Disambar 2014. Aikin wannan ofishi shi ne bibiyar yadda cibiyoyin Tarayyar kansu ke sarrafa bayanan jama'a, da ba wa masu tsara doka shawara, abin da ya ba shi damar sa baki sosai lokacin da ake ƙulla babbar dokar kare bayanai ta Tarayyar, wato GDPR, wadda aka amince da ita a 2016 ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Dokar ta ba mutum 'yancin sanin abin da aka ajiye game da shi da neman a gyara ko a goge, ta kuma tanadi tarar da ke iya kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani a duniya baki ɗaya. Tasirinta ya kai Nijeriya, domin ƙa'idojin 2019 na hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasar, NITDA, da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun ɗauki darasi mai yawa daga gare ta.

Abin da ya fi cancantar a tuna shi da shi, duk da haka, shi ne nacewarsa cewa bin doka kaɗai bai isa ba, tun da kamfani na iya cika kowane sharaɗi a takarda alhali yana mayar da ɗabi'un mutane hajar sayarwa ga masu talla. Wannan ra'ayi yana da nauyi na musamman da ya fito daga bakin tsohon alƙali, wanda ya san iyakar abin da hukunci ke iya gyarawa. Saboda haka ya kafa kwamitin shawara kan ɗa'ar fasahar zamani, ya nemi hukumomin kare bayanai su haɗa kai da masu hana kamfanoni mamaye kasuwa, ya kuma ɗora taron duniya na kwamishinonin kare bayanai da aka yi a Brussels a Oktobar 2018 a kan mutuncin ɗan Adam, taron da shugaban Apple, Tim Cook, ya yi jawabi a cikinsa. Buttarelli ya rasu ranar 20 ga Agustan 2019 yana da shekara 62, yana kan muƙaminsa.