Awon Danshin Hatsi Ƙwaya Ɗaya Ɗaya da Lantarki

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataken da ke sauka a Fagge da haƙori suke gwada bushewar hatsi, har yau kuwa a kan ga haka a kasuwar Sabon Gari. Dabarar tana da amfani, amma haƙori ba ya rarrabe masara mai danshi kashi 13 cikin 100, wadda za ta shekara lafiya, da mai kashi 17, wadda za ta yi fumfuna a cikin buhu.

Busasshiyar ƙwaya ba ta barin wutar lantarki ta ratsa ta sai kaɗan, gama ruwan da ke cikinta shi ne hanyar wutar. Wani masani a Amurka, Lyman Briggs, ya nuna haka da alkama a 1908. Daga nan aka ƙera na'urorin da a kan cika musu gwangwani da hatsi, su faɗi danshinsa. Aibinsu ɗaya ne, watau tsaka-tsaki suke faɗa. In mutum ya gauraya tsohon hatsi mai kashi 11 da sabo mai kashi 17, rabi da rabi, sai na'ura ta ce 14, mai saye ya saki jiki, alhali rabin buhun ɗanye ne.

Saboda haka aka ƙera masu auna ƙwaya ɗaya ɗaya. Wadansu suna murƙushe ƙwayar tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa, su auna wutar da ta ratsa ta. Wadansu kuwa a kan sa ƙwayar tsakanin farantan ƙarfe biyu ƙanana, a auna ta ba tare da an fasa ta ba. In ƙwaya ɗari suka fito kashi biyu masu nisa da juna, lalle an yi gauraye.

Abin ya wuce asarar kuɗi. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna, aka gane gubar da ke cikinta tana lalata hanta, har ta mutum. Don haka ɓararriyar gyaɗa kada danshinta ya wuce kashi 8.

Ya kamata hakimai su sanar da dagatai, malamai kuma su rubuta, cewa ran da kaya suka iso za a yi awo, domin in sun kwana biyu ɗanyun ƙwayoyi suna raba wa busassu danshinsu, gaurayen ya ɓuya. A ɗebo daga tsakiyar buhu, a bar hatsin ya huce a inuwa, gama mai zafi yana ruɗin na'ura.