Daga ƙyallen tace kurkunu zuwa zaren da ido ba ya gani

Wanda ya girma a ƙauyukan Ƙonni ko Illela a shekarun 1990 ya san ƙyallen da ake ɗaurawa a bakin tulu don tace ruwan tabki. Yana cikin abubuwan da suka kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da cutar. Ƙwaron da ke ɗauke da tsutsar babba ne, ƙyalle na tare shi. Ƙwayar kwalara kuwa ba ta fi kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, in ba ta maƙale jikin ƙwaro ba sai ta bi ramin saƙa ta wuce. A annobar kwalara ta 2021 jihar Tawa ta ji jiki.

Shi ya sa labarin matatar nanofaiba ya shafe mu. Ana narkar da kayan da za a yi matatar da shi ne, a ja shi da lantarki mai ƙarfin bolt 10,000 ko fiye, ya fito zare-zare, kowane ya fi gashin kai siranta sau ɗari. Zaren na taruwa kamar yanar gizo, ramukansa na iya tare ƙwayoyin bakteriya, ruwa kuma ya ratsa ba tare da famfo mai ƙarfi ba. Dabarar tsohuwa ce, Anton Formhals ya yi mata rajista tun 1934. Abin da ya sauya shi ne kayan: masu bincike na barin roba ta man fetur suna komawa ga seliloz na auduga da karan hatsi, da kitosan na ɓawon jatan lande. Dalilinsu a fili yake. Matatar roba tana da tsada, in ta mutu ta zama shara, ta tsiro kuwa ruɓewa take yi. Kitosan ma yana kama gubar ƙarafa irin su dalma.

Sai dai ruwanmu ba na ɗakin gwaji ba ne. Ruwan kwarin Maggiya da ke taruwa a madatsun Mozage da Zango, wanda ke shayar da fadamar noman rani ta Ƙonni, da damina ja wur yake don laka. Matatar da ta fi kowace ƙananan ramuka ita ce ke riga toshewa. Dole a fara kwantar da lakar, da alimun ko da dakakken ƙwallon zogale, sannan a tace. Kuma ruɓewar da ake yabo ita ce raunin abin: zaren tsiro na kumbura cikin ruwa, ya yi laushi, ya yage, uwar gida kuma ba za ta ga yagewar da ido ba. Wannan ne ya fi tsorata ni, domin za ta ba yaro ruwan da zuciya ɗaya.

Akwai kuma abin da ya narke. Ragowar takin zamani daga garakan albasa irin na Galmi, ko fuloraid da ya lanƙwashe ƙasusuwan ɗaruruwan yara a Tibirin Maraɗi, ba a tare su da ƙanƙantar rami kaɗai, sai an haɗa zaren da wani sinadarin da ke kama su.

Samun kara da lantarki, kamar na tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, bai isa a ce za a saƙa matatar a gida ba. Tana buƙatar sinadaran narkarwa da ma'aikatan da za su gwada kowane faifan matatar kafin ya fita. A ganina, in za a jarraba ta, a fara da ɗakunan shan magani da makarantu, inda akwai mai duba ta da mai sauya ta, a kuma auna kwana nawa faifai ɗaya ke yi da ruwan watan Agusta.