Ƙin Sayen Kayan Danmak, da Abin da Ya Sami Fataken Arewa a Anaca

 

Mutumin Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a ƙasar Ungogo arewa da birnin Kano, ba shi da wata hulɗa da ƙasar Danmak, in ban da garin madarar Dano da mai shayi ke zuba masa da safe, shi ma ba lalle ne ya san daga inda ta fito ba. Amma a watan Muharram na 1427, watau Fabrairu 2006, sai da rediyo ta shigar da sunan ƙasar nan kowane zaure da kowace tsangaya. A lokacin nan an riga an kai amfanin gona rumbu, samari da magidanta da yawa sun tafi cin rani, wasu birni, wasu Kudu. Waɗannan da suka yi Kudu su ne ya kamata mai karatu ya riƙe a ransa, domin a kansu labarin zai faɗa.

Ran Jumma'a 30 ga Satumba 2005, saura 'yan kwanaki a kama azumi, wata jarida ta Danmak mai suna Jyllands-Posten ta buga zane goma sha biyu waɗanda ta ce wai na Annabi ne, sallallahu alaihi wa sallama, har ɗaya daga cikinsu ya danganta shi da tayar da bam. Editan da ya sa aka yi zanen, Flemming Rose, ya ce nufinsa ya gwada ko tsoron Musulmi ya ɗaure hannun masu zane a ƙasarsu. Cikin Oktoba jakadun ƙasashen Musulmi 11 suka nemi ganin Firayim Minista Anders Fogh Rasmussen. Ya ƙi ganinsu, ya ce ba shi da iko a kan jarida, wanda duk ya ga an cuce shi ya tafi gaban shari'a. Musulmin Danmak suka kai ƙara, lauyan gwamnati ya duba, cikin Janairu 2006 ya ce bai ga laifin da za a gurfanar da kowa a kansa ba.

Hujjar mutanen Danmak ita ce 'yancin faɗar albarkacin baki. Kada a raina wannan 'yanci, gama mutanen Kano sun san tsadarsa. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, an sha yi wa 'ya'yanta bulala da ɗauri a majalisun alƙalan En'e saboda waƙa ko lacca da aka ce zagin sarki ce. Malamin da ke hawa kujerar tafsiri yana tsage wa mai mulki gaskiya, sa'an nan ya kwana a gidansa lafiya, inuwar wannan 'yanci yake sha. Sai dai babu ƙasar da ta sake shi ba linzami. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da shi a sashe na 39, ya kuma yarda a yi masa iyaka a sashe na 45. Dokar Final Kot da aka fara aiki da ita a Jihar Arewa a 1960 ta yanka ɗauri har na shekara biyu ga wanda ya wulakanta addinin wasu a bainar jama'a. Ita kanta Danmak a lokacin tana da irin wannan doka, sashe na 140. Abin mamaki kuma, jaridar nan da kanta ce aka kai wa zanen ba'a a kan Annabi Isa, alaihis salamu, a 2003, ta ƙi bugawa, ta ce zai ɓata wa masu karanta ta rai. Ashe dai ta san ɓacin rai, ta san kuma wanda take shayin ɓata wa.

Har wa yau kada wani ya ce Bahaushe bai san ba'a ba, ko kuwa yana tsoron a yi wa mai addini dariya. Ɗan kama yakan tsaya a kasuwa ya kwaikwayi muryar malami mai ja baƙi, ya mai da karatun duka na tuwo da miya, malamai na wucewa suna murmushi. Da azumi yara 'yan tashe sukan manna gemun auduga, su ɗauki allo, su zagaya gida gida suna yi wa malam tsiya, matan malam su ba su hatsi. Nalako na kama gwagware a Kano. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, kowa na da lasisin tsokanar ɗan'uwansa. Amma wasan nan duka yana da ƙa'ida wadda ba a rubuta ba. Tsakanin mutum biyu ake yinsa waɗanda suka yarda, kowa kuma yana da bakin ramawa. Kwaɗayin malam ake taɓawa, da rowarsa, da girman rawaninsa, ba a taɓa wanda malam yake karantar da sunnarsa. Musulmin Danmak kuwa 'yan tsiraru ne, yawancinsu baƙi, ba a tambaye su yarda ba, ba su da jaridar da za su rama da ita. Wannan ba wasan taubasai ba ne, cin fuska ne, fushin da aka yi kuma yana kan hanya.

To, mutum ya yi fushi, mai laifi yana can bayan teku, me ke hannunsa? Abin da Larabawa suka fara ganowa shi ne aljihu. A ƙarshen Janairu 2006 aka shiga kwashe kayan Danmak daga kantunan Sa'udiyya da Kuwaiti da maƙwabtansu. Wanda ya fi jin jiki shi ne kamfanin Arla, na manoma masu shanu na Danmak da Suwidin, mai man shanu da cuku da madara, shi ne kuma mai Dano. Cikin 'yan kwanaki cinikinsa a ƙasashen Larabawa ya tsaya cik, ya rufe masana'antarsa ta Riyad na wani lokaci. Ƙungiyar masu masana'antu ta Danmak ta rubuta wa jaridar takarda a fili. Ran 30 ga Janairu jaridar ta nemi gafara saboda ɓacin ran da ta jawo, ko da yake ba ta yarda ta yi laifi da bugawar ba. Ku duba fa: abin da takardar jakadu 11 ta kasa samowa cikin wata uku da ɗoriya, mata masu cefane sun samo shi cikin kwana goma.

Malamai sun san wannan makami ba baƙo ba ne. Sumama ɗan Usalu, shugaban Banu Hanifa na Yamama, an kamo shi aka ɗaure a ginshiƙin masallacin Madina, Annabi ya sa aka sake shi, ya musulunta. Da ya je Makka umara Ƙuraishawa suka gorantа masa, sai ya rantse alkamar Yamama ba ta ƙara zuwa musu sai da iznin Annabi. Bai ƙone wa kowa rumfa ba, nasa kawai ya hana. Da yunwa ta tsananta, Ƙuraishawa suka rubuta wa Annabi suna roƙonsa da zumunta, shi kuwa ya aika wa Sumama ya sakar musu abinci. Ga shi kuwa su ne mutanen da suka taɓa ƙaurace masa shi da danginsa wajen shekara uku a kwazazzabon Abu Ɗalibi. Ana fahimta daga nan cewa ƙauracewa tana da sharaɗi, tana da mai ɗage ta, tana kuma da inda take tsayawa. Bisa irin wannan ne taron malamai da aka yi a Baharain cikin Maris 2006 ya ba da shawara a ɗage wa Arla, bayan da kamfanin ya buga sanarwa a jaridun Larabawa yana nesanta kansa da zanen.

Wani zai ce, manomin Danmak mai tatsar saniya bai zana kome ba, don me za a hora shi? Amsa ita ce ciniki sai da yarda. Wanda ya ƙi saye bai ci haƙƙin kowa ba, kuɗinsa ne ya riƙe. Amma akwai wurin da ƙauracewa ke zama zalunci, 'yan kasuwa ya kamata su lura da shi. Mai tireda a Bacirawa da ya je kasuwar Singa ya saro katan na madara da jarinsa, ciniki ya ƙullu, kaya sun zama nasa, kuɗin sun daɗe da isa inda za su. In aka ƙwace katan ɗin aka zubar, ko aka sa shi gaba da gori har ya rasa masu saye, Danmak ba ta yi hasarar ko anini ba, ɗan'uwa Musulmi aka karya, aka kuma tozarta dukiya. Inda abin ke cizo shi ne wajen sari na gaba, sa'ad da dila ya aika wa kamfani cewa kada a ƙara kawowa. Sa'an nan sai an tantance kaya. A Sa'udiyya jita-jita ta haɗa har da madarar Nido, sai da kamfanin Nestlé ya buga a jarida cewa shi na Suwizalan ne.

A Kano, ran Talata 7 ga Fabrairu 2006, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, 'yan Majalisar Dokoki suka ƙona tutocin Danmak da Norwe, domin wata jaridar Norwe ta sake buga zanen. Majalisar ta kuma zartar a janye cinikin motocin safa na wajen dala miliyan 27 da ake shirin yi da kamfanin Danmak, a hana sayar da kayansu. Gaskiya ita ce abin da Kano ke saye daga Danmak bai taka kara ya karya ba in an gwada da na Larabawa, ƙin saye kuwa gwargwadon sayenka yake ciwo. Ko a duniya baki ɗaya, abin da Danmak ke sayar wa ƙasashen Musulmi ya ragu ƙwarai a watannin nan, amma jimlar cinikinta ba ta faɗi ba, har wasu a Amurka suka shiga sayen kayanta da gayya, jaridun Faransa da Jamus kuma suka sake buga zanen tun ran 1 ga Fabrairu. Duk da haka abin da ya ƙone a harabar majalisa ƙyalle ne.

Ran Asabar 18 ga Fabrairu aka yi taro a Maiduguri don nuna ɓacin rai. Da taro ya watse sai gari ya kama da wuta. Aka ƙone coci-coci da kantuna, aka kashe Kirista, cikinsu har da wani limamin Katolika, Fada Michael Gajere. Ba ɗayansu da ya taɓa riƙe alƙalamin zane, wasu ma ba su san inda Danmak take ba. An bar jaki, an daki taiki. Littafin Ashafa na Alƙali Iyal, wanda ake karantawa a masallatai da azumi, ya yi dogon bayani a ƙarshensa kan wanda ya taɓa janibin Annabi, amma magana ce ta wanda ake tuhuma shi da kansa, da shaidu, da alƙali, da shugaba. Maƙwabcin da ke zaune da amana ba ya cikinta. Alƙur'ani ya hana a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani, kamar yadda Suratul An'ami ta hana zagin abin bautar wasu don kada su rama da jahilci.

Da gawawwaki suka isa Kudu, ran Talata 21 ga wata Anaca ta tashi. Aka bi Hausawa a kasuwa da unguwanninsu, masu shanu da masu albasa, 'yan cin rani masu gyaran takalmi da masu yankan farce, aka kashe wanda aka samu, aka ƙone masallatai da rumfuna. Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana suka gudu barikin soja, wasu suka ƙetare gadar Kwara zuwa Asaba da rigar da ke wuyansu. Cikin mako guda fiye da mutum 100 suka halaka a Nijeriya. Duk duniya babu ƙasar da ta yi hasarar rayuka irin wannan a kan zanen Danmak, ita Danmak ɗin kuwa ba a fasa ko kwalba ɗaya ta madara a kan titinta saboda Maiduguri ba. Mai cinna wuta a Arewa ya manta yana da ɗan'uwa da ke kwana a rumfa a Kudu, wanda zai dawo da kuɗin taki kafin ruwa ya sauka.

Abin da ya biyo baya ma irin wannan ne. A Fabrairu 2008 'yan sandan Danmak suka ce sun gano shirin kashe ɗaya daga cikin masu zanen, Kurt Westergaard, kashegari jaridu 17 suka sake buga zanensa. Ran 7 ga Janairu 2015 aka kashe mutum 12 a harin da aka kai ofishin jaridar ba'a ta Charlie Hebdo a Faris. Jaridar da ba ta wuce buga kwafi 60,000 ba, fitowarta ta gaba ta haura miliyan 7, da sabon zane a bangonta. A kan wannan bango ne Damagaram ta tashi ran 16 ga Janairu, Yamai ran 17, mutum 10 suka mutu, aka ƙone coci-coci da yawa, 'yan Nijar ne kuma suka binne 'yan Nijar.

Danmak ta soke tsohuwar dokarta ta sashe na 140 a 2017. Bayan shekara shida, da aka yi ta ƙona Alƙur'ani a gaban ofisoshin jakadu a birnin Kofanhagan, ƙasashen Musulmi suka taru suka matsa mata, ita ma ta ji tsoron abin da zai biyo baya, sai majalisarta ta kafa sabuwar doka ran 7 ga Disamba 2023, wadda ta yanka tara ko ɗauri har na shekara biyu ga wanda ya wulakanta littafin addini a fili. A wannan shekara ce kuma, cikin Mayu, kamfanin Arla ya buɗe gonar shanun tatsa a Damau, ƙasar Kubau ta Jihar Kaduna.